Kaskon Wuta a Ɗakin Haya

Tun da rashin tsaro ya taso su daga ƙauyensu na yankin Tsamaye, Malam Kalilu da matarsa Inna Kadijatu suke zaune a wani ɗakin haya a Sabon Birni. Ɗaki ne na siminti, mai rufin kwano da silin da taga ɗaya ta ƙarfe. Ɗansu Hafizullahi, mai aikin gini a Sakkwato, shi ya kama musu. Tsofaffin suna sa masa albarka, amma zuciyarsu tana can gida.

Abin da Inna ta fi kewa shi ne gadonta na ƙasa, wanda Malam ya gina mata da hannunsa, da ramin wuta a ƙarƙashi. In sanyi ya shigo, sai ta tura karan gero da 'yan ƙirare, gado ya ɗau ɗumi har gari ya waye, hayaƙi kuma ya bi ta jinka ya yi gaba. Kara kuwa ba saye ake ba, gona ce ke bayarwa.

A birni ko toka kake so sai ka taɓa aljihu. Itace ya yi tsada don masu shiga daji sun ragu, gawayi ma ya bi sahu. Hafizullahi yana turo abin da ya sawwaƙa, amma Malam irin dattawan nan ne da gara su kwana suna makyarkyata da su ce wa ɗansu abin bai isa ba. In ya kira waya, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau muke, ba mu rasa komi ba."

Da sanyi ya kankama, Inna ta fara kasa miƙe ƙafa.

"Malam, sanyin garin ga har ɓargo shika shiga," in ji ta wata rana da yamma. "Da ina bisa gadona, da tuni na manta da shi."

"Ki yi haƙuri. Hanya na yin kyau za ni kai ki gida, ko bisa jaki na."

"Wane jakin? Wanda munka sayar?"

Suka yi dariya.

Sai Malam ya ƙirƙiro dabara. Ya lura ɗumin kaskon garwashi yana zurarewa ta taga da ƙarƙashin ƙofa. Ya samo tsumma da tsohon buhu da kwali, ya bi duk wata kafa ya toshe tsaf. Nan da nan gawayin kwana ɗaya ya koma yin kwana biyu. Malam har da ba abokansa labari a ƙofar masallaci, shi a dole ya gano sirrin tattali.

Maƙwabciyarsu Sa'adiyya, mai tuyar ƙosai, ta leƙo gaisuwa ta ga aikin.

"Baba, wanga ɗaki ba shi da mashaƙar iska. Ku dinga hidda kaskon waje in za ku kwanta."

"Ɗiyata, tun ba a haihe ki ba muke kwana da wuta. Balle gawayi, da ko hayaƙi ba shi yi."

Gaskiya ya faɗa, sun daɗe suna kwana da wuta. Abin da ya manta shi ne, ɗakin jinka yana shan iska ta ko'ina, na siminti kuwa sai ta inda aka bar masa.

Inna ta fara tashi da ciwon kai da jiri. Suka ce sanyi ne da tsufa. Don tausayi, Malam ya ƙara gawayi, ya kuma matso da kaskon dab da katifarta, shi ya shimfiɗa tabarmarsa can bakin ƙofa.

Ranar wata Laraba ba a ga Malam a sallar asuba ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Har Sa'adiyya ta sauke kaskon tuya ƙofarsu tana rufe. Ta buga, ta yi sallama, shiru. Ta kira maza maƙwabta suka ɓalle ƙofar. Malam yana da sauran numfashi, saboda 'yar iskar da ke satar shigowa ta gefensa. Inna kuwa tana kwance lulluɓe da zanenta kamar mai barci, rai ya yi halinsa.

Sai washegari Malam ya farfaɗo a asibiti. Kafin nan an riga an kai Inna makwancinta. Matar da suka tsufa tare, ko sallar gawarta bai samu ba. Likita ya yi masa bayani cewa garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganin ta, tana sa mutum barci mai nauyi har ya wuce.

Hafizullahi ya iso da barguna biyu masu kauri a cikin leda. Tun farkon sanyi ya saye su, yana jiran ya sami sarari ya kawo.

"Baba, don mi ba ka hwaɗa mini ba?"

Malam ya daɗe yana shafa bargon, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗumi nis so ta ji," ya ce. "Shi kaɗai ta roƙe ni."

Jama'a, tattali abu ne mai kyau, amma kada a yi shi da iskar da ake shaƙa. A ɗumama ɗaki, a fitar da garwashi waje kafin a kwanta, a bar kafar iska, a nemi sauran ɗumin a bargo da rigar sanyi. Ku kuma masu tsofaffi, kada ku tsaya ga "lafiya lau" ta waya. Ku je da ƙafarku ku ga yadda suke kwana, tun suna nan.