Shaidar Wanda Ya Riga Ya Rasu

Sau uku shugaban kwamitin ladabtar da lauyoyi yana juya takardar rantsuwar, kamar zai ga wani abu daban a bayanta.

Babu wani abu daban. Ga hatimin lauyar da ke zaune a gabansa a ƙasa, ga sa hannun shaidan, wani tsohon direba, ga kwanan wata: sha huɗu. Direban kuwa tun biyu ga wata aka kai shi makwancinsa.

"Wa ke taɓa hatimin nan bayan ke?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

Shekara goma sha tara tana aiki, bakinta bai taɓa mutuwa a gaban alƙali ba. Yau ga lasisinta a kan tebur, ita ce kuma ake tuhuma. Sakatariyarta ta riga ta faɗi nata: ƙa'idar ofishin tun kafin zuwanta, duk takardar da aka samu a jan faranti da hatimi a jiki, kotu ake kai ta da safe, ba a tambaya.

"Wannan baƙar tawada ta alƙalamin zamanin da, da aka sa hannun da ita, har yanzu kina amfani da ita?" in ji wata mamba.

"Ina yi."

Shugaban ya cire tabarau. "Mahaifinki ne ya koya mini aikin nan. Shekara arba'in ko ɗigo ba a taɓa kama shi da shi ba. Kunyarsa nake ji, ba taki ba."

Wannan ta fi komai yi mata ciwo. Ta kafa wa ƙasa ido, har aka karanta hukunci: an soke sunanta daga jerin lauyoyi.

Da la'asar ta koma ofis kwashe kayanta. Baba na nan a ƙaramin ɗakin baya, cikin kwat ɗinsa, inda take zaunar da shi kullum da tsofaffin fayiloli tun da mantuwa ta kama shi, don kada ya fita ya ɓata.

Ya ɗago yana murmushi, yatsunsa duk tawada.

"'Yar nan, an kai takardar direbana kuwa? Na jira shi, na jira shi, bai zo ba, sai na sa masa hannu. Ki bar min hatimin, gobe ma akwai aiki."