Ƙwallon Dabino a Gindin Kofi

Da suka iso tashar jiragen ruwa ta Nansha da yamma, Alhaji ko kallon mitar batir bai yi ba. Firij ɗin tirelar ya buɗe, ya ciro kofi.

Tun a masana'anta ya daskarar da ruwa a kofin, ya ɗora ƙwallon dabino a kai. Tirelar, ta farko cikin goman da ya yi oda, ƙaramin asibiti ce, alluran rigakafi za ta riƙa kaiwa ƙauyukan Maradi. Mai masana'antar ya rantse cewa muddin mota na janta, wayar da ta haɗa su za ta riƙa cika batirin, firij ba zai mutu ba.

Firij na aiki, sanyi ƙalau. Amma ƙwallon yana can gindin kofi, sabuwar ƙanƙara ta rufe shi.

"Ya mutu a hanya, ya dawo," in ji Alhaji. "Ka lura da wani abu?"

Mijin 'yarsa ne ya tuƙo motar. Da suka tsaya karyawa da safe ya zare wayar, kada firij ya shanye batirin mota, ya manta. Sai da azahar ya gan ta tana reto, ya mayar, Alhaji na can yana alwala.

Surukin ya sunkuyar da kai. "Ban ga komai ba, Baba."

Alhaji ya buga wa mai masana'antar waya, wanda yake kira Laoban, wato maigida a yarensu. "Laoban, na fasa, duka goman. Rayukan yara ne, ba wasa ba."

Surukin ya dubi baƙin maiƙon da ke yatsunsa, ya tura hannun cikin aljihu.