Ranar Da Rumbun Hajiya Ya Zama Kumbo

Don Allah don Annabi, duk wanda ya karanta wannan, in ma ya gane ni, kar ya faɗi sunana. Ko ga uwarsa. Sunayen da ke ciki duk na sake su.

Akwai wata yarinya a Matamaye, mu ce Najaha. Wurin goggonta Hajiya Fadimata take zaune, lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji uku ta yi aka fidda ta. Kullum da hantsi Hajiya na aikenta ta shiga rumbu ta fiddo gero, ita kuma can ciki ta ɓoye wata tsohuwar wayar portabul mai fasasshen gilashi. A nan take rubuta littafi, shafi ɗaya kullum, ta tura gurup na wasaf ba suna. In Hajiya ta gane ita ce, Najaha ta mutu kawai, ba wata magana.

Sunan littafin Mutanen Bayan Wata. Labarin wata duniya ce da ake zuwa da kumbo, inda Sarauniya Gurmuzu mai wutsiyar ƙarfe ta kulle iska a ɗaki. Da marfin kwalba take auna wa kowa tasa, in ta zargi mutum ya shaƙi ƙari sai ta shinshina bakinsa.

Littafi ya kama gari. Masu kitso, 'yan kabu-kabu, har mutanen Dungu da Yauri. Hajiya ba ta iya karatu ba, don haka kowace la'asar sai ta miƙa wa Najaha wayarta ta ce, "Ke, karanta min na yau, kuma ban da cin kalmomi." Najaha na karantawa gumi na bin bayanta.

Sai Shamsu mai ɗaukar bidiyon biki ya ce zai mai da shi fim.

Daga ranar bai ƙara shan ruwa da daɗi ba. Mata suka tare shi a kasuwa, wai in kumbon bai yi walƙiya ba kar ma ya fara. Ya zagaye gari yana neman abin da ya yi kama da kumbo, bai ga wanda ya kai rumbun Hajiya ba. Ta ba shi aro, ya naɗe shi da kwanon rufi tun daga sama har ƙasa, ya liƙa madubin babur goma sha biyu. Kwana uku Najaha ba ta samu shiga ba, portabul na ciki.

Aka zo kan wutsiya. Muntaka mahauci ya kawo ta sa, mata suka ce a littafi ta ƙarfe ce. Aka kawo sarƙar keke, suka ce ai ta Sarauniya tana motsi da kanta. Wata ta ce to a sa mesa a rufe ta da gwangwani, kuma da gaske take.

Babbar rigimar dai ta ƙarshen fim ce, don littafin bai ƙare ba. Duk gurup so suke a jefa Gurmuzu cikin rana ta ƙone. Hajiya kaɗai ta ƙi.

"A ƙona wa?" in ji ta, tana gyara makullan da ke ɗaure a bakin zanenta. "Ita kaɗai ce mai tarbiyya a littafin nan. In ba ta kulle iskar ba wallahi kwana biyu za su shaƙe ta tas. Na san halin mutane."

"Hajiya, muguwa ce fa," in ji Muntaka.

"Kai da ke sayar da ƙashi da sunan tsoka? Rufa mana baki. A taɓa ta, a kwance min rumbuna yanzu."

Shamsu ya gaji. Ranar ɗauka, tsakar gida cike da jama'a, ya ɗaga wayarsa ya ce, "To jama'a, mu tambayi mai littafin. Ga lambarsa a gurup." Najaha na tsaye bakin murhu.

Ya danna.

Kumbo ya fara gurnani. Kwanon rufi ya ɗauka gaba ɗaya, zzzz, zzzz, madubai na karkarwa. Muntaka ya yar da sarƙa ya haure katanga. Mata suka bar takalma. Malam Ummaru da ya zo kallo ya fara addu'a da gudu, bai ƙarasa ta ba sai a bakin titi. Shamsu kansa a bayan turmi aka same shi.

Hajiya ko gezau. Ta matsa gaban kumbo ta ɗan russuna ta ce, "Ranki ya daɗe, kin ji abin da suke shirya miki ko?"

Daidai nan sharji ya ƙare, ƙarar ta ɗauke.

"To kun ji," in ji Hajiya. "Ta yi fushi."

Ba wanda ya sake kiran lambar nan. A fim Sarauniya ce ta ci, kowa ya mutu da ƙishin iska, kuma ba wanda ya yi gardama. Rumbu kuwa ba mai kusantarsa, sai Najaha da Hajiya ke turawa, wai in abin zai ci mutum gara ya fara da marar amfani.

Har jiya da la'asar Hajiya ta tsai da karatu ta ce, "Ni dai ina ma zan ga mai littafin nan, in tambaye shi ina ya samo mace mai hankali haka."

Wayyo, ana taɓa ƙofar rumbu, dole in tsaya. Bai samo ta ko'ina ba, ni ce mai littafin, Gurmuzu kuma Hajiya ce sak, wutsiya kaɗai na ƙara mata, ga ta nan ta zo shinshina bakina