Inji Ɗaya, Rijiya Uku

Kai da kake kukan layin intanet uku gare ka a kwamfuta ɗaya, amma kullum aiki sai ya tsaya maka a tsakiya, gyara zama ka ji labarin wani mai lambu.

Mutumin nan ya yi dashen albasa a fadama, rani kuwa ya tsananta. Rijiya uku gare shi: babba, matsakaiciya, da wata 'yar ƙarama da ya raina. Injin ban ruwa ɗaya ne tal, tiyonsa kuma kullum yana cikin babbar. Kafin ruwa ya kai rabin lambu ta ƙafe, inji ya shaƙi laka ya yi tari ya mutu. Sai gogan naka ya zauna ya zabga tagumi yana jiran ta sake kawowa, ga rijiya biyu cike a gefensa. Dashe ya fara langaɓewa, hankalinsa ya tashi, don albasar nan ce cin gidansa har damina.

Rannan matarsa ta kawo masa abinci, ta leƙa rijiyoyin, ta ce, "Malam, su waɗannan biyun don ado ka haƙa su?" Kunya ta kama shi. Ya samo tiyo uku, ya haɗa bakinsu a jikin inji, ya naɗe da roba, ya zura kowanne cikin rijiya ɗaya. Amma don gaggawa duk kaurinsu ɗaya. Nan take ƙaramar ta ƙafe, iska ta shiga, inji ya sake mutuwa. Sai ya sake shiri: babbar ya ba ta mai kauri, matsakaiciyar daidai ita, ƙaramar kuwa siriri kamar yatsa. Ya ja igiyar inji. Ruwa ya taho, bai yanke ba. Ka ga dattijo da gemu yana bin ruwa a guje da fartanya, ya buɗe wannan fangali ya toshe wancan, wando sharkaf, yana rera waƙa da muryar da ko kwaɗi ba su yaba ba. Matar ta yi ta dariya har abinci ya huce. Kafin la'asar fangalin ƙarshe ya sha ya ƙoshi, washegari albasa ta miƙe tsaf.

To kai ma je ka haɗa layukanka su ja tare. Mai ƙarfi ka ba shi babban aiki, mai rauni kada ka raina shi, kada kuma ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ai Bahaushe ya gama magana: daidai ruwa, daidai tsaki.