Zakaran Mai Jan Wando

Hajara ta juya awara a kasko, bayanta ga ƙofar gidan kallo kamar kullum. Tunda mijinta ya rasu take suya a nan Ƙafin Maiyaki, ba ta ragi, ba ta gyara. Kokawar Turawan da samari ke kallo kuwa, cewa take shashanci ne. Sai dai akwatin awararta mai gilashi kullum a goge yake tas, yana fuskantar talabijin kamar madubi.

Ran nan musu ake a kan Mai Jan Wando, ɗan kokawar da mutum uku suka taru suka ƙwace wa kambu. Wasu na cewa masu shirya wasan sun ci amanarsa, wasu na cewa dama ya tsufa. Bilal ɗanta, wanda ya fi kowa son sa, yau ko leƙowa bai yi ba.

Dalili kuwa, Malam Uba ya yi faɗa a wajen karatu. An kawo masa jan zakara, a roƙa wa wani bawan Allah da ake zalunta nasara. Ya yi addu'a tsakani da Allah, sai daga baya ɗalibansa suka gaya masa ko wane ne Mai Jan Wando. Sunan mai zakara dai ya ƙi faɗa, ya ce amana ce.

Gari bai jira suna ba. Duk inda Bilal ya gifta da babur, sai wani ya yi masa carar zakara. Ya rantse ba shi ba ne har ya gaji. Alhaji Ali, uban Muhsina da za a sa musu rana ita da Bilal, ya aiko cewa a dakata, ba ya ba sakarai 'yarsa.

Hajara ba ta iya haɗa ido da kowa. Ita da dillalan kasuwar Tudun Wada ke kauce wa bakinta, yau har awara ta ƙone mata. Da safe ta watsa wa kaji dawa, ta shige ɗaki da sauri.

Da la'asar ta kira Ɗayyabu mai gidan kallo, ta yi ƙasa da murya.

"Wai da gaske tun kafin su hau an san wanda zai faɗi?"

"Inna, ai rubutawa ake. Har kukan da ya yi, cewa aka yi ya yi."

"Kujerar da aka maka masa fa?"

"Da saninsa. Ƙila ma tare suka ci tuwo bayan nan."

Ta sauke kasko, ta yafa mayafi.

A zauren Malam ta tarar da dattawa, Alhaji Ali a tsakiyarsu. Ƙafarta ta so juyawa. Ta tuna Bilal, da abincin da ya bari a rufe tun jiya. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta na zafi kamar bakin murhu.

"Hajara, lafiya?" in ji Malam.

Ta ɗago kai, da muryar nan tata ta ciniki.

"Allah gafarta Malam, tunda an gama shirya faɗuwarsa kafin ka ɗaga hannu, ai ciniki bai faɗa ba. A ba ni zakarana."