Tsohuwar Tsibiri

"Yaya, dubi wannan," in ji ƙanenta, yana miƙo mata waya a falonsa da ke unguwar Lozells, can ƙasar waje.

Mako biyu ya yi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, yau wannan tsibiri, gobe wancan. Shi ne wanda, lokacin da Inna take jinya a Kumasi, ya ce wurin aiki sun hana shi hutu. Har aka binne ta bai zo ba.

A hoton ya rungume wata tsohuwa mai sayar da kwakwa, haƙoransa duk a waje.

"Kamar Inna, wallahi. Har hawaye na yi."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta kife wayar a kan tebur.

"Ta fi Inna sa'a. Ita ta gan ka."