Jirgin Takarda

Da an dawo daga hutun ƙarfe tara, malamar aji ɗaya takan sa yara su kwanta rigingine a kan tabarma, ta ɗora wa kowa jirgin ruwa na takarda a ciki.

"Baki shiru, ido a kan jirgi. Ja numfashi, ya hau. Saki, ya sauka. Muddin jirgi yana hawa yana sauka, lafiya lau, ba abin da zai faru."

Dabarar ta ci. Masu kuka suka daina, masu cizo suka rage. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Da hannunta ta naɗe jiragen nan, amma kullum aka tashi sai ɗaya ya yi ƙafa.

Ba ta sha wuya ba wajen gano ɓarauniyar. Wata 'yar siririya ce da ake kira Sarkin Makara, don sai an rufe ƙofa take isowa, ido ja, kitso duk ya tsufa. Da safe ta dawo da jirgin a yamutse, da rana ta sake ɗauke shi.

Malamar ta yi nasiha, ta yi faɗa. Ta aika uwar ta zo, shiru. Ta sake aikawa, shiru. Ta ce a ranta, wasu iyayen sai dai haihuwa.

Ranar Alhamis ta tare yarinyar a bakin ƙofa, ta zaro jirgin daga cikin safarta. Yarinyar ta riƙe mata zane.

"Malama, don Allah, yau kaɗai."

"Jiya ma yau kaɗai ne. Na yi miki kama da mai ƙera jirgi? Wuce gida."

Mako guda kujerar yarinyar ba kowa. Ran nan gwaggonta ta kawo ta da wuri, da sabon kitso, ta juya ba ta ko ɗaga kai ba.

Lokacin kwanciya ya yi. Malamar, da zuciyarta ta riga ta sauko, ta zaɓi jirgi mafi kyau ta miƙa mata. Yarinyar ta mayar da hannuwa baya.

"Ki bar shi, Malama. Da ma Ummata da ba ta da lafiya nake ɗora wa a ciki da dare in zauna gadi, tunda kin ce ba abin da zai faru. Ranar Alhamis ba ta da jirgi."